'Yan Kasuwar Adar, Ku Ne Ofishin Neman Aikin Nakasassu

Yau da ku nake, iyayena mata masu saye da sayarwa da 'yan uwana 'yan kasuwa na Tawa da kewaye, musamman mutanen Bambeye. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ranar Juma'a ya san yadda ake yi. Makaho zai zo da ɗan jagoransa, gurgu zai biyo baya, ka miƙa dala biyar ko dala goma, ya yi maka addu'a ya wuce, mako mai zuwa ya dawo. Shekara da shekaru muna haka, amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tambayar ɗayansu, shin malam wane aiki ka iya?

Ba wai babu doka ba ne. Tun shekarar 1993 Nijar ta kafa dokar kare nakasassu, aka yi mata gyara a 2010, kuma a cikinta an ce duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, to wajibi ne ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsa ga nakasassu. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, sannan a 2019 aka ƙara wata dokar. Akwai kuma hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato ANPE, inda mai neman aiki ke zuwa ya rubuta sunansa, ga ƙungiyar tarayyar nakasassu ta FNPH da ke ta fafutuka. Duk wannan abin a yaba ne, kuma ya kamata hukuma ta riƙa bin kamfanoni tana ƙirga ko sun cika wannan kaso.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna nakasassu sun haura 700,000 a Nijar, kuma mafi yawan 'yan ƙasar nan a karkara suke. A ƙauyukan Bambeye, ina kamfanin da ke da ma'aikata 20? Gurgun da ke can sai ya nemo kuɗin mota zuwa Tawa, ya nemo mai ɗora shi da mai sauke shi, ya zo ofis a tambaye shi takardar haihuwa da ta makaranta, alhali tun yana yaro iyayensa suka ga babu amfanin kai shi aji. Ita kuma tsohuwar hanyar da samarin Adar ke rufa wa kansu asiri, wato tafiya cin rani Abijan ko Libiya ko Nijeriya da zarar an kai amfanin gona gida, wannan hanya ta mai ƙafa da ido ce. Idan samari suka watse, shi ake bari a gari tare da mata da tsofaffi.

Saboda haka a wurinmu babban ofishin ɗaukar aiki shi ne kasuwa. Yaron shago, mai awon hatsi, mai ɗinkin buhu, mai tsintar albasa yana ware ta gari da ruɓaɓɓiya, mai sayar da katin waya, duk ba ta takarda ake ɗaukarsu ba, sai dai wane ya kawo wane. Matsalar ita ce babu mai kawo nakasasshe, domin mun riga mun yanke masa hukunci cewa shi na bara ne.

Alhali da yawa daga cikin ayyukan nan a zaune ake yinsu. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, me zai hana shi riƙe lissafin shago, ko gyaran waya, ko dukanci? Kurma da ke kan keken ɗinki, surutun kasuwa ba ya ɗauke masa hankali. Makafi kuwa tun kaka da kakanni an san su da tufkar igiya. Ku dubi Kano, inda waɗanda shan inna ya nakasa suka kafa ƙungiya, suna walda suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Kuma mu tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma shi ne ɗaya daga cikin ladanan Manzon Allah (SAW), har ma yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya.

Na san wata za ta ce, ni da nake juya 'yan jikkuna kaɗan, ina zan iya ɗaukar nauyin wani? Gaskiya ne kasuwa ba gidan sadaka ba ce, kuma ban ce ki ɗauki wanda ba zai amfane ki ba. Abin da na ce shi ne, ranar da kike neman mai taya ki ƙulla gishiri ko ɓarar gyaɗa, ki gwada gurguwar unguwarku mako guda. In ta iya, ki biya ta daidai da abin da za ki biya kowa, kada ki rage da sunan ai taimaka mata kike. Wannan ragin zalunci ne.

Ga shawarata. Sarkin kasuwa ya zauna da sarkin makafi da na guragu da wakilan ƙungiyoyinsu, a samu littafi guda a rubuta sunan kowane nakasasshe, ƙauyensa da abin da ya iya ko yake son koya. Mai neman yaro ya fara duba littafin nan. Teloli da masu gyaran babur da waya kowa ya karɓi almajirin sana'a ɗaya. Masu fitar da zakka kuma, maimakon a warwatsa ta dala-dala, a haɗa a saya wa mutum ɗaya keken ɗinki ko a ba shi jari, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Daga nan sai a kai littafin ga ANPE da asusun koyar da sana'a na FAFPA, a ce ga mutanenmu, ga sunayensu.

Kada mu manta, haɗarin babur ɗaya a hanyar kasuwa ya isa ya mayar da mai rumfa mai jiran sadaka. Allah ya kiyaye, ya kuma ba mu ikon gyarawa, amin.