Idan Mataki Ɗaya Ya Faɗi, Me Sauran Za Su Yi?

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin komai ya bayyana a allo, akwai jerin umarni da ke gudana a ɓoye: a haɗa rumbun ajiya, a tayar da hanyar sadarwa, a buɗe ma'adanar bayanai, sannan a kira manhajar da za a yi aiki da ita. Kowane mataki yana dogara ne da wanda ya gabace shi. Masu rubuta wannan jeri sukan zuba ƙoƙarinsu kan ranar da komai zai tafi daidai, alhali ƙimar aikinsu tana bayyana ne ranar da wani abu ya lalace.

A tsarin Linux, kowane umarni yana mayar da lamba idan ya gama. Sifili na nufin ya yi nasara, duk wata lamba kuma alamar matsala ce. Sai dai harshen Bash, a ɗabi'arsa ta asali, ba ya tsayawa don wani umarni ya gaza. Wucewa yake yi zuwa layi na gaba kamar ba abin da ya faru.

An ga illar hakan a watan Janairun 2015, a umarnin da ke tayar da Steam, manhajar wasanni ta kamfanin Valve. Akwai layin da ke gano inda manhajar take, da wani layin da ke share abin da ke wurin. Da na farkon ya dawo ba tare da amsa ba, sai na biyun ya ɗauki tushen kwamfutar gaba ɗaya a matsayin wurin sharewa. Wanda ya kai rahoton ya rasa fayilolinsa, har da waɗanda ke rumbun da ya jona domin ajiyar ko-ta-kwana. Layi ɗaya da zai tabbatar cewa an samu amsa kafin a yi shara ya isa ya hana wannan asara.

Saboda irin wannan ne ƙwararru ke sa set -e da set -u a farkon rubutunsu. Na farko yana dakatar da aiki idan umarni ya gaza, na biyu kuma idan an kira sunan da ba a ba shi ƙima ba. Suna da amfani, amma ba su ɗauke wa marubuci nauyin tunani, domin tsayawa ma tana da nata haɗarin.

Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da wani gurɓataccen fayil ga kwamfutocin Windows. Manhajarsa tana lodawa ne tun a farkon tashin kwamfuta, don haka na'urori suka riƙa faɗuwa, suna sake tashi, suna sake faɗuwa. Microsoft ya ƙiyasta cewa abin ya shafi na'urori miliyan 8.5. An soke dubban tashin jiragen sama, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Da yake yawancin na'urorin sun kasa kaiwa ga intanet, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.

Darasin da ke tsakanin waɗannan al'amura biyu shi ne a rarrabe kurakurai tun kafin su auku. Idan ci gaba zai lalata bayanai, a tsaya nan take. Idan abin da ya gaza ba ginshiƙi ba ne, a tashi ba tare da shi ba. A kowane hali a rubuta abin da ya faru a inda mutum zai gani, kuma a bar ƙofar da za a shiga a yi gyara. Tsarin systemd ma ya tanadi iyaka: bisa saitinsa na asali, idan aka tayar da manhaja fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, yakan daina gwadawa.

Batun ya fi shafar wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, kamar Najeriya da Nijar. A nan kwamfuta kan tashi ba shiri, sau da yawa kafin na'urar intanet ta gama farfaɗowa bayan an tayar da janareto. Don haka duk shugaban ma'aikatar da ke biyan kuɗin wani tsari yana da haƙƙin ya ce a kashe shi a gabansa, a cire waya ɗaya, a sake kunnawa. Abin da ya bayyana a allo a wannan lokacin shi zai nuna masa ingancin abin da ya saya.