Yawon Buɗe Ido A Tafkin Kainji: Sai An Tsare Rai Baƙo Zai Zo

Kamar yadda aka sani, Allah Ya albarkaci Masarautar Yawuri da kogin Kwara da kuma tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan Kainji a shekarar 1968. Ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga duk suna cin moriyar wannan ruwa ta fuskar su da noman rani da fatauci. Sai dai har yanzu ba mu ci moriyarsa yadda ya kamata ba ta fuskar yawon buɗe ido.

Abin nunawa kuwa muna da shi. Ta wannan kogi ne Baturen nan Mungo Park ya biyo kafin ya halaka a Busa a 1806, kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka Yawuri a 1830. Ga tsibiran Gungawa, ga ƙwarewar Sarkawa wajen su, ga kuma bikin Rigata da ake yi a Yelwa, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya. A ƙasar Masar, ɗaukar baƙi a jirgin ruwa tsakanin Luksor da Aswan sana'a ce da ke ciyar da dubban iyalai. A nan gida ma, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO a 2016.

To amma wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: jirgin da ke kai 'yan kasuwa shi ne zai ɗauki baƙo. Ba mu manta da hatsarin watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Musabbabin irin wannan sananne ne: lodi fiye da kima, tsofaffin jiragen katako, tafiyar dare, rashin rigunan kariya, da kututturan itatuwan da tafkin ya binne.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, ita ke da alhakin dokokin sufurin ruwa, amma ba za ta iya tsare kowace gaɓa ba. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da sarakunan ruwa da su tabbatar ana rubuta sunayen fasinjoji kafin jirgi ya tashi, a ƙayyade lodi, a hana fito bayan magariba. Su kuma jama'a, kada kowa ya shiga jirgi ba tare da rigar kariya ba.

Idan mutanen gida suka aminta da ruwan, baƙi za su biyo baya, masu fito da masu abinci da masu masauki su samu. Allah Ya tsare mana al'ummarmu, amin.