Jikokin Masu Saukar Baƙi, Ina Ɗalibin da Ya Zo Daga Nesa?

Jama'ar Sabo, yau ba mai tsira, daga malaman jami'a har mu kanmu.

Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan, kuma saukar baƙi ce ta riƙe ta. Falke ya zo da shanu, ya koma da goro, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a ciniki. To yaya aka yi muka mance da baƙon da ke bakin ƙofarmu?

Daga Mokola zuwa Jami'ar Ibadan mota ɗaya ce ta Sango. A can akwai reshen jami'ar da Tarayyar Afirka ta kafa, mai ɗaukar ɗalibai daga sassan nahiyar, ban da masu zuwa da kuɗinsu. Wasu da Faransanci suka yi karatu, wasu da Larabci. Wasu ma Hausarsu ta fi tamu.

Mu fara da malaman jami'o'in ƙasar nan. Malam ya zubo Turanci kamar ana korarsa, ya yi barkwanci da yaren gari, aji ya fashe da dariya, baƙo na zare ido. A raba aikin rukuni, kowa ya ja ɗan garinsu. In ka yi magana a ce, ai jami'a ce, ba firamare ba. Haba! Kun ba shi gurbi, kun karɓi kuɗinsa, sai darasin ne ya zama ba nasa ba? Ba mu ce a sauƙaƙa masa jarrabawa ba. A rubuta kalma mai wuya a allo, a ba da takardar darasi kafin a shiga aji, malam ya haɗa rukunin da kansa, ya koyi faɗin sunan yaron daidai. Wannan bai cin ko kwabo.

Sai mu. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Ɗan gari ya hau mota ya tafi gida. Ɗan Damagaram ko Injamena fa? Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mu nawa ne muka leƙa muka ce, yaro, ka ci abinci? Mu da muka ga abin da ya faru a Shasha a Fabrairun 2021, wallahi ba mu buƙatar a faɗa mana zafin kalmar "ba ɗan nan ba ne".

Muna kira ga fadar Sarki da limamai da ƙungiyoyin matasa: a sa mutum biyu su je masallacin jami'a farkon kowane zango, su san baƙin nan. Kowane ɗalibi a ba shi maigida, kamar yadda aka saba yi wa fatake. A kira su buɗa-baki da tuwon Sallah, Musulmi da Kirista. Mai ɗaki ya ajiye ɗaya don ranar yaji.

'Ya'yanmu na karatu a Maraɗi da Alƙahira da Madina. Yadda muke so a riƙe mana su, mu fara riƙe na wasu.