Dala Miliyan 20 Kan Motar Da Ake Tsoron Hawa

A watan Agustan 2021, a wajen gwanjon Pebble Beach da ke Kalifoniya ta Amurka, an sayar da wata McLaren F1 ƙirar 1995 kan sama da dala miliyan 20. Babban abin da aka yi tallarta da shi? Cikin shekara 26 ba ta yi tafiyar kilomita 400 ba. Motar da Gordon Murray ya zana, wadda irinta ta yi gudun kilomita 386 a awa guda, tafiyar duk rayuwarta da kyar ta wuce ta awa ɗaya!

Ni dai ban yarda wannan farashi ya dace ba. Masu kare shi na cewa guda 106 kacal aka ƙera. Haka ne, amma ƙarancin ya shafi dukkansu. Ƙarin kuɗin na lambar da ke kan mita ne, kuma duk kilomitar da mai ita ya ƙara, asara ce. Don haka dole ya kulle ta, robobi su bushe, mai ya lalace a tanki, tayoyi su sandare.

Dubi Rowan Atkinson, wato Mista Bin. Ya tuƙa tasa dubban kilomitoci, ya yi haɗari da ita sau biyu, kuma a 2015 ya sayar da riba mai tsoka. Ya mori motar, ya mori kuɗin. Wancan kuwa ya sayi ingarman doki, ya ɗaure a turke yana kallo, yana jiran wani mai tsoron hawa ya zo ya taya.