Katakon da bai kai sunansa ba

Duk wanda ya ɗora tef a kan sabon katakon tu-bai-fo a Amurka zai ga kaurinsa inci 1.5 ne, faɗinsa kuma inci 3.5. Rabin inci ya tafi ta kowane ɓangare. Tu-bai-sikis ma inci 1.5 ne da 5.5, shi kuwa tu-bai-et faɗinsa ya tsaya a 7.25. Baƙo zai ce tauye mudu ne. Kafintan can kuwa ko a jikinsa, domin da wannan awon ya koyi sana'a, kuma da shi ake kafa bangon yawancin gidajen ƙasar, inda katako ne ƙashin gini ba bulo ba.

A da can, ɗanyen icce ake tsagawa a kan cikakken inci biyu da huɗu. In ya bushe sai ya motse, in aka goge shi a inji ya yi sumul sai ya ƙara raguwa. Ga kuma kuɗin dakon jirgin ƙasa, wanda ya sa masu injin tsaga son siririn katako mara nauyi. Kowa ya shiga yanka gwargwadon son ransa, har sai da aka fitar da ma'aunin ƙasa na farko a 1924, zamanin da Herbert Hoover ke riƙe da ma'aikatar kasuwanci. An ci gaba da ja-in-ja shekara da shekaru, kauri na raguwa, kafin ma'aunin 1970 ya tsayar da inci 1.5 ga busasshen katako, wato wanda danshinsa bai wuce kashi 19 cikin ɗari ba.

Amfanin abin a wurin aiki yake bayyana. Kafinta ya san in ya jera katakon tsaye da tazarar inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya, allon filawud mai ƙafa 4 da 8 zai faɗa daidai a kansu, bakinsa ya sami wurin cin ƙusa. Ya san in ya rufe katako mai inci 3.5 da allo mai rabin inci ciki da waje, bangon zai tashi inci 4.5, kuma firam ɗin ƙofar da ke kanti don irin wannan bangon aka yi shi. Wanda ya yi lissafi da sunan katako maimakon ainihin awonsa, ko mai gyaran tsohon gida da ya haɗa sabon katako da cikakken na da, shi ke ganin bango ya fito da tudu da kwari.

Duk da haka 'yan kasuwa ba su tsira daga zargi ba. A 2014 kamfanin Lowe's ya biya dala miliyan 1.6 a jihar Kalifoniya kan yadda yake rubuta awon kayan gini, kuma a 2017 masu saye sun maka kamfanonin Home Depot da Menards a kotu saboda fo-bai-fo mai inci 3.5. Ba a rasa gaskiya a ƙorafinsu ba: ilimin kafinta bai zama dole a kan mai gida ba, kuma rubuta awon gaskiya kusa da suna ba ya cin ko kwabo.

Mu ma a Najeriya da waɗannan sunaye ake cinikin katakon rufi a kasuwannin 'yan katako, amma kauri yakan danganta da hannun mai tsaga, kuma sau da yawa ɗanye ake saye ya ƙarasa bushewa a ƙarƙashin kwano. Ragin Amurka sananne ne kuma iri ɗaya ne ko'ina. Wanda ba a san iyakarsa ba shi ke lanƙwasa rufi. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan katako da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON su tsayar da awo guda a rubuce. Kafin nan, mai gini ya shiga kasuwa da tef a aljihu, ya auna kafin ya biya.