Jirgin da Za Ka Shiga da Kanka

Ya ku yara, ku da ke zaune a Kakuri da Makera da Barnawa, ba wanda bai san kogin Kaduna ba a cikinku. Da rani ya kan janye har duwatsu su fito, da damina kuwa ya cika ya batse. Amma kun taɓa tambaya ina ruwan nan ya nufa? Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garinmu, ya gangara ƙasar Nufe, ya faɗa kogin Kwara, watau Neja, daura da Patigi. Kwara kuma ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su rankaya tare har teku. Teku kuwa ita ta kewaye duniya duka.

To, ga labarin waɗansu mutum biyu, miji da mata, da suka bi tekun nan. Sunan mijin Larry Pardey, mutumin Kanada, matar kuwa Lin, mutuniyar Amurka. Ba masu dukiya ba ne. A bakin teku a Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, suka yi kamar shekara 3 suna sassaƙa jirgin katako da hannunsu. Cikin 1968 suka yi aure, a shekarar kuma suka saka jirgin a ruwa, suka sa masa suna Seraffyn. Tsawonsa ƙafa 24 ne kawai, kuma ba shi da inji. Filafilai gare shi, watau manyan ƙyallaye da a ke ɗaurawa a dogon itace, iska ta tura su, jirgi ya tafi. Da dare fitilar kananzir su ke kunnawa, hanya kuwa da rana da taurari su ke gane ta.

Cikin ɗan jirgin nan suka ƙetare tekun Atlantika zuwa Ingila, suka bi ta Bahar Rum da mashigin Suwez da Bahar Maliya, suka kai Japan, sa'an nan suka komo gida. Shekara 11 suka yi a hanya. In guzuri ya ƙare, sai su tsaya a wani gari su yi wa mutane gyaran jirage, ko su rubuta labarin tafiyarsu su sayar. Cikin 1983 suka gama sassaƙa wani jirgin, shi ma ba inji, suka sāke kewaya duniya da shi.

Wani zai ce, "Wannan ai ganganci ne. Me zai sa mai hankali ya jefa kansa da iyalinsa cikin teku a ɗan akwati?" Lalle maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama teku ba wurin wasa ba ne, ta haɗiye jirage manya manya. Ni ma ba cewa na ke ku tashi ku nufi teku ba. Amma a ganina mutanen nan ba su yi ganganci ba. Mai ganganci shi ne wanda ya shiga abin da bai san ƙarfinsa ba. Su kuwa sun san kowane katako da kowace ƙusa da ke jikin jirginsu, don su suka sa su. Sun sani in suka rufe wata ɓaraka da fenti, ba mai saye za su cuta ba, kansu za su cuta, a inda ba tudu ba mai ceto. Saboda haka suka yi aikin a hankali, suka kuma ɗauki kaya daidai ƙarfin jirgin.

Kada ku zaci irin wannan gwaninta ta Turawa ce kaɗai. Cikin 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, wadda ke cikin Jihar Yobe yanzu, sai ya tarad da kwalekwale binne a ƙasa. Masana suka auna shi, suka ga tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya kai shi daɗewa ba a Afirka duka. Ba mu san sunan wanda ya sassaƙa shi ba, amma ga aikinsa yana ba da shaidarsa har yau.

Ku dubi kuma abin da rashin lura ke jawowa. Cikin watan Yuni na 2023, wani jirgi ya kife a Kwara wajen Patigi, kusa da inda koginmu ya ke shiga. 'Yan biki ne ke komowa gida da dare, jirgin ya cika maƙil. Mutum fiye da 100 suka rasu, da mata da yara kamarku. Allah ya ji ƙansu. Ajali ba ya wuce ranarsa, amma an hore mu da ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

To, ga abin da na ke so ku riƙe. Kowane aiki da mutum ya yi, jirgi ne da wani zai shiga. Magini ya gina ɗaki, wani zai kwana ciki. Makaniki ya ɗaure birki, wani zai hau motar. Malami ya koyar, yaro zai tafi da abin da aka koya masa har tsufa. In an ba ka lissafi, ko shara, ko saƙar tabarma a lokacin aikin hannu, ka tambayi kanka, "Da ni zan shiga wannan, zan yarda?" In amsar a'a ce, warware ka sāke. Kada ka raina ƙanƙantar abin da ke hannunka, gama da sannu a kan je nesa. Abin da ka shuka kuwa, shi za ka girba.

Tambayoyi
1. Ina kogin Kaduna ya taso, ina kuma ya ƙare?
2. Don me Larry da Lin suka yi aikinsu a hankali?
3. Wane aiki ka ke yi a gida wanda wani ke dogara da shi?