Mota Ta Ragargaje, Saura Ciniki: Tsakanin Ƙanina Da Kamfanin Inshora

 

 Maganar da zan kawo muku yau ba daga littafi na fara cin karo da ita ba, a zauren gidanmu ta same ni. A daminar shekarar 2025 ƙanina, autanmu, yana dawowa daga Zariya zuwa Kano, tayar gaba ta fashe masa ana tsakiyar ruwan sama, motar ta yi ƙundumbala ta faɗa rami. Allah cikin ikonsa Ya fito da shi da karaya ɗaya a hannu. Motar kuwa, duk bakaniken da ya leƙa ta sai ya girgiza kai, domin kuɗin gyaranta ya doshi kuɗin sayen wata.

Toyota Corolla ce ta hannu, ya saye ta a 2024 kan Naira miliyan 7 da bashin ƙungiyar adashen ma'aikata ta wurin aikinsu. Su ne suka gindaya masa sharaɗin yi mata cikakkiyar inshora, wato wadda ke biyan ɓarnar motarka kai kanka. Wannan daban take da ƙaramar inshorar dole da 'yan sanda ke tambaya a hanya, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, kuma wadda ba ta biyan komai sai ɓarnar da ka yi wa wani, iyakarta Naira miliyan 3 a dukiya. Ita cikakkiyar, hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar da aka rubuta wa mota. Auta ya rubuta miliyan 7, ya biya 350,000.

Daga nan sai ƙuruciya ta motsa. Ya sauya mata wili, ya saka gilashi mai duhu, ya cika but da sifiku, ya canza salansa zuwa irin wadda ke tayar da unguwa da asuba. (Mahaifiyarmu ta fi kowa tsanar salansar nan, har yau ba ta yi jimamin rasa ta ba.) Abu ɗaya mai ma'ana da ya yi shi ne mayar da ita mai amfani da iskar gas, kamar yadda mutane da yawa suka yi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Duka-duka ya kashe kusan miliyan 2. Bai sanar da kamfanin ko ɗaya ba, har lokacin da ya sabunta yarjejeniyar. Ya ce bai san ana faɗa ba, kuma na yarda da shi.

Tun yana kwance a asibiti abokansa suka fara kawo masa shawara. Wani ya ce a je da dare a kwance tukunyar gas kafin injiniyan kamfani ya zo duba motar. Wani ya ce a'a, a bar ta, a samo rasit mai tsohon kwanan wata, a ce da kayanta aka yi mata inshora, a ƙara ma kuɗin da ke kan rasit ɗin. Da aka sallame shi sai ya same ni bayan sallar isha'i, hannu rataye a wuya, ya ce, "Yaya Malam, ai su waɗannan kamfanoni 'yan riba ne, malamai ma sun ce inshora haramun ce. Idan na ƙwaci abin da zan iya ƙwata, wa na zalunta?"

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba.

Gaskiya ne malamai sun daɗe suna magana a kan inshora. Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya tattauna kuɗin da fatake ke biya don lamunce kayansu a jirgin ruwa, bai kuma halatta karɓar diyyar a ƙasar Musulunci ba. A 1985, a Jidda, majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda girman gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Shaikh Mustafa az-Zarƙa na Siriya ya saɓa musu, yana ganin halaccinta, ya tsaya a kan haka har rasuwarsa a 1999. Ita ta taimakekeniya, wato takaful, a Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, yanzu akwai kamfanonin da ke yin ta. Da Auta ya shawarce ni tun farko, can zan tura shi.

To amma duk ra'ayin da mutum ya ɗauka, ba ya ɓullewa inda Auta ke son zuwa. Idan ka bi masu haramtawa, da yawansu cewa suke yi wanda aka tilasta wa shiga kada ya karɓi fiye da abin da ya zuba. Kenan rabon Auta shi ne 700,000 na shekara biyu, ba miliyan 9 ba. Idan kuwa ka bi masu halattawa, to yarjejeniya ce ingantacciya, sharuɗɗanta sun hau kanka kamar na kowane ciniki. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mutum ya kira ta haramun lokacin da ake neman gaskiya daga bakinsa, sannan ya kira ta halal lokacin karɓar kuɗi. Ban san malami ɗaya ba, a cikin masu tsanantawa ko masu sassautawa, da ya ce ɓacin yarjejeniya yana halatta rasit na ƙarya. Kun san ƙissar tsibin abincin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa a ciki a kasuwa ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin bai faɗi ƙarya da baki ba, jiƙaƙƙen kawai ya binne a inda mai saye ba zai gani ba, amma aka kira abin da ya yi algus. Kwance tukunyar gas da dare ɗan'uwan wannan ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sannan wanda ake cuta ba wani Bature ne mai ƙaton ciki a Legas ba. Kuɗin diyya daga abin da sauran masu motoci suka zuba yake fitowa, kuma idan ƙarya ta yi yawa, su ake ƙara wa farashi. A takaful ma abin ya fi muni, domin asusun na mahalarta ne kai tsaye.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na ce wa Auta ya karɓi duk abin da aka miƙo masa ya ce haka Allah Ya ƙaddara. A nan ne nake ganin mutanenmu masu kirki ke yin nasu kuskuren. Injiniyan kamfani ya zo, ya ga komai a inda yake. Bayan makonni uku wasiƙa ta iso: za su biya miliyan 5 da dubu 100, tare da wani layi mai kama da barazana, cewa sauye-sauyen da ba a sanar da su ba sun ba su damar ƙin biyan ko sisi, don haka wannan alfarma ce. An haɗo da takardar da zai sa wa hannu cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, ba shi da sauran magana. Auta, wanda jiya yake neman miliyan 9 da ƙarya, yau tsoro ya sa yana neman biro. Na riƙe hannunsa mai lafiyar.

Fiƙihunmu yana da ma'auni a kan ramuwa tun kafin a ƙera mota. Abin da ake aunawa ko a ƙirga, kamar hatsi, ana rama shi da irinsa. Abin da kowane ɗaya yake da nasa hali, kamar doki ko raƙumi, ana rama ƙimarsa, kuma masana kasuwarsa ake tambaya, ba mai shi ba, ba kuma wanda zai biya ba. Tsohuwar mota doki ce a wannan babi. Ita ma inshora a kan irin wannan tushe aka gina ta: a mayar da kai inda kake kafin hatsari, ba ƙari ba ragi. Saboda haka tayin farko magana ce ta ɓangare ɗaya, kuma wanda zai fitar da kuɗi daga aljihunsa ba ya fara taya kaya da tsada.

Abin da muka yi bai fi ƙarfin kowa ba. Mun rubuta musu, cikin ladabi, muka nemi su nuna mana a rubuce yadda suka kai ga wannan adadi. Sai ga shi sun ƙiyasta motar a miliyan 6, sun cire kason da yarjejeniya ta ce mai mota ne zai ɗauka da kansa, kashi 10 cikin 100, sannan sun ƙara cire wani abu da sunan tsufan kaya. Na ɗauki ranar Alhamis, da yake ba mu da makaranta, muka zaga wurin dillalan motoci huɗu, muka karɓo farashin irin motar, shekararta ɗaya, tafiyarta kusan ɗaya, a rubuce da hotuna. Babu wadda ta gaza miliyan 7 da rabi. Muka haɗa da rahoton 'yan sanda da ke nuna fashewar taya ce sanadi, tukunyar gas ko tsagewa ba ta yi ba, balle a ce ita ta jawo hatsarin. A cikin wasiƙar Auta ya amsa laifinsa ƙarara: ya yi sauye-sauye, bai sanar ba, ba ya neman ko kwabo a kansu. Ya nemi abu biyu kawai, ƙimar motar da ya biya wa inshora, da izinin kwance kayan da su da kansu suka ce ba sa cikin lamuninsu. Domin idan kamfani ya biya, gawar motar tasa ce, kuma ba adalci ba ne ya ƙi biyan kuɗin wili da sifiku sannan ya sayar da su tare da gawar. Muka rufe da cewa idan ba a daidaita ba za mu kai ƙorafi NAICOM, wadda ke karɓar koke-koken irin wannan.

Wannan amsa laifi, da abokansa suka kira wauta, ita ce ta ba wasiƙar ƙarfi. Wanda ya ɓoye abu ba ya iya ɗaga murya, kullum fargabarsa kada a tono. Da an kwance tukunyar da dare, ramukan da aka huda a but da bututun da ke bin ƙarƙashin mota za su ba injiniya labari, kuma daga ranar magana ta tashi daga sakaci ta koma zamba.

An yi wata biyu ana kai-komo. A ƙarshe suka yarda da miliyan 7, suka cire kashi 10 ɗinsu, aka tsaya a miliyan 6 da dubu 300. Auta ya so mu matsa har miliyan 8 tunda kasuwa ta kai haka, na ce masa a'a. Shi ya rubuta miliyan 7 da hannunsa, a kanta ya biya kashi 5, kuma ya sabunta a kan haka alhali yana ganin yadda farashin motoci ke hawa tun faɗuwar darajar Naira a 2023. Wanda ya auna wa mutane da ƙaramin mudu ranar biya ba zai zo da babban mudu ranar karɓa ba, kuma sura guda aka saukar da sunan masu irin wannan awo. Ƙungiyar adashe ta fara cire ragowar bashinta, abin da ya saura bai isa sayen irin motar ba. Wannan asara ce ta gaske, ban ɓoye masa ba.

Ina da ƙorafi a kan kamfanonin ma. Wakilin da ya sayar wa Auta inshorar bai ɗauki minti goma tare da shi ba. Sharaɗin sanar da sauyi yana can cikin ƙananan rubutu na Turancin lauyoyi. A Ingila, inda alƙali Mansfield ya kafa ƙa'idar cikakkiyar gaskiya tsakanin mai inshora da kamfani tun 1766, sun gyara dokarsu a 2012: nauyin yin tambaya ya koma kan kamfani, nauyin amsawa da kula yana kan mai saye, kuma an bambanta mai sakaci da mai ganganci, na farko a rage masa gwargwadon kuskurensa, na biyu ya rasa duka. A ƙasar da gwamnati da kanta ke kiran mutane su koma gas, tambaya ɗaya a takardar sabuntawa, ko an sauya wani abu a motar, da ta raba wannan gardama tun ba a fara ta ba. Kafin su yi hakan, ɗan'uwa, kai ka rubuta musu ranar da ka sauya, ka adana rasit da hoto, ka nemi a rubuta sabuwar ƙimar a takarda, ko da za a ƙara maka kuɗi.

Wili da sifiku an sayar. Saura tukunyar gas. Wani mai tasi ya taya ta da kuɗi mai kyau, bai san ta yi ƙundumbala a cikin mota ba, Auta kuma bai ga dalilin faɗa masa ba tunda ko ƙwarzane babu a jikinta. Tukunya ce da ake ɗura wa iska da matsi mai tsananin ƙarfi, za ta zauna a bayan kujerar fasinjoji, kuma lahaninta ba lallai ido ya gan shi ba. Na ce sai an kai ta wurin masu gwaji, kuma ko ta ci gwajin sai an gaya wa mai saye tarihinta. Ya ce, "Yaya Malam, wannan ma?" Na ce wannan ma. Mai tasin da ya ji labari ya janye. Tana nan jingine a zaure, bayan buhunan masara, muna jiran ranar gwajin.

Wallahu a'alam.